Maki biyu Inna ta ci

Inna ta zo mini wankan jego nan Manchesta wata bakwai bayan rasuwar Baba. Tun sati na biyu na lura ba ta barci. Ƙarfe uku na dare in tashi shayarwa, sai in same ta zaune bakin gado, carbi a hannu amma ba ta ja. Tuwo loma uku ta ture kwano. In na matsa mata, sai ta ce ƙirjinta ne ya yi nauyi, tafin ƙafarta kuma kamar an zuba barkono.

Na kai ta wurin likitan unguwa. Nan ba a bin layin yankar kati. Ƙarfe takwas na safe za ka buga waya, in ka yi sa'a a ba ka minti goma. Ɗaki tsaf, hita na huci, likita na fuskantar kwamfuta, tafinta kuma ta waya yake magana a lasifika. Namiji ne, baƙo, ko fuskarsa Inna ba ta gani.

Da aka gama awon jini ba a ga komai ba, sai aka ɗauko takardar tambayoyin nan ta gano ciwon damuwa a jikin tsofaffi, GDS. A Amurka aka tsara ta da tambaya 30, a 1986 aka taƙaita zuwa 15, amsa e ko a'a. Wanda ya kai maki 5, sai a zurfafa bincike a kansa.

"Hajiya, kin gamsu da rayuwarki?"

"Alhamdulillahi."

"Kina jin yawancin mutane sun fi ki jin daɗi?"

"Kowa da rabonsa, ɗan nan."

Tafinta ya rasa ta cewa, likita ta cike gurbi. To, tsakani da Allah, wace dattijuwa ce 'yar shekara 68 za ta buɗe baki ta gaya wa baƙon namiji ba ta gamsu da abin da Ubangiji ya ba ta ba? A wurinta wannan butulci ne. Maki biyu ta ci. Ɗaya don ta ce ba ta da ƙarfin jiki, ɗayan kuma, abin dariya, don ta fi son zaman gida da fita. Matar da tun aurenta ba ta san hanyar kasuwa ba!

Da gangan masu takardar suka cire tambayoyin barci da cin abinci da ciwon jiki, don kada tsufa ya rikita lissafi. Hikima ce, ban musa ba. Sai dai tsofaffinmu da jiki suke faɗin abin da ke zuci, ka ga an toshe ƙofa ɗaya tilo da Inna za ta iya bi. Likitar ma ta ce rariya ce kawai, ba hukunci ba. Na kuma san da a ƙaramin asibitin unguwarmu ne, da wuya a yi tambayar ma. Maganin maleriya da taifod za a haɗo mata.

Amma daren nan na kira Goggo, abokiyar zamanta, a unguwar Jekadafari da ke Gombe ta bidiyo. Ko gaisuwa ba su gama ba ta ce, "Yaya, ina lallenki? Yaushe rabonki da kitso?" Inna ta yi shiru, sai hawaye. Shekara 40 suna kishi a tsakar gida ɗaya, ga shi cikin minti ɗaya ta ga abin da tambaya 15 ba su gani ba. Ni kaina da na haifa mata jika, lallen bai zo mini a rai ba.

A Gombe da tuni maƙwabta sun lura ta daina zuwa suna, da almajirin gidan ma ya ce Inna ba ta tsokanarsa. Nan kuwa maƙwabcina shekara huɗu ban san sunansa ba. Ni na ɗauko ta daga cikin mutane na ajiye a bene hawa na uku, inda rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu, wai don ta huta.

Za mu koma wurin likitar ranar Talata, wannan karon na roƙi a ba mu tafinta mace. Tikitin Inna na komawa gida na Afrilu ne, jiya ta ce in duba ko za a iya dawo da shi kusa. Na duba, har na tsaya kallon kuɗin kujera biyu.