Fitilar masallaci ce fa, me ya kai ta ɗakin gwanjo?

Jama'a tun watan Nuwamban 2024 abin nan yake ci min rai, yau dai na ce sai na amayar da shi. A Landan aka yi gwanjon wata fitilar gilashi guda ɗaya tal, aka saye ta fam miliyan 5 da ɗoriya, kowa yana ta yaɗa labarin yana cewa masha Allah kayan Musulunci ya yi daraja. Ni kuwa wallahi da na ji gabana ne ya faɗi, don fitilar nan an yi ta ne domin makarantar Amir Sargatmish da ke Alƙahira, wadda aka gina a 1356 kusa da masallacin Ibn Tulun, wato dai kayan wakafi ce.

Wanda bai taɓa ganin irin fitilun nan ba bari in kwatanta masa. Lokacin da nake karatu a Masar na sha zuwa gidan tarihin kayan Musulunci da ke Babul Khalƙ, in tsaya gabansu har ƙafata ta gaji. Tsayinta bai kai kamu ɗaya ba, ciki ɗan dumɓuru kamar tulu, wuya ya buɗe sama kamar bakin kakaki, ga 'yan kunnuwa a jikinta galibi guda 6 inda ake maƙala sarƙa a rataye ta. Busa gilashin ake yi da baki tun yana narke, in ya huce sai mai zane ya zo da ruwan zinare da garin gilashi mai launi, shuɗi da ja da fari da kore, ya yi rubutunsa, sannan a sake mayar da ita wuta har launin ya narke ya kama jiki. To nan ne gizo ke saƙa, don in wuta ta yi yawa fitilar kanta ce za ta lanƙwashe, in ta yi kaɗan launin ba zai zauna ba, kuma ba su da na'urar auna zafi, ido ne kawai da sabo.

A wuyan yawancinsu ayar nan ta Suratun Nur aka rubuta, Allahu nurus samawati wal ard, wadda ta yi maganar fitila a cikin gilashi, gilashin kuma kamar tauraro mai ƙyalli. Ku duba fa, ayar da ke siffanta fitila a cikin gilashi ita aka rubuta a jikin gilashin fitila. A ciki akwai ɗan kofi da ake zuba ruwa da mai, lagwani yana yawo a kai, kusan irin aci-balbal ɗinmu, sai dai ita in an kunna hasken ta cikin harufan yake bi ya fito. A cikin akwatin gidan tarihi ba ka ganin wannan, kwan lantarki ne ke haska ta daga waje, an juya mata aikinta baibai.

Daga ƙasan fitilar kuma sunan wanda ya sa aka yi ta ne, Izzun li maulanas sultan, wato ɗaukaka ta tabbata ga shugabanmu sultan, ko sunan wani amir da tambarin muƙaminsa a cikin da'ira, mai ba sarki abin sha nasa kofi ne, magatakarda gidan alƙalami, mai riƙon makamai takobi. Mamluk ɗin nan da suka mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517 da yawansu bayi ne aka sayo su suna yara, ba su da gadon gidan uba, shi ya sa mutum yake so sunansa ya rataya a saman kan masu salla ko ya samu addu'a. Kuma zamanin da Mansa Musa sarkin Mali ya sauka Alƙahira a 1324, lokacin Sultan Nasir Muhammad, sana'ar tana kan ganiyarta, alhazanmu na yamma sun yi salla a ƙarƙashin irin hasken nan.

Daga baya sana'ar ta mutu murus. Sarki Taimur na tsakiyar Asiya ya ci Dimashƙa wajen 1400 ya kwashe masu sana'a zuwa Samarƙand, har ta kai a 1569 wazirin daular Usmaniyya ta Turkiyya sai birnin Benis na Italiya ya aika a yi masa fitilu 900.

Na san abin da wasu za su ce, ai gara a can, ana kula da su. Ban musa gaba ɗaya ba, don bam ɗin da ya tashi gaban hedikwatar 'yan sandan Alƙahira ranar 24 ga Janairu 2014 ya ragargaza gidan tarihin nan da ke tsallaken titi, fitilu na cikin abin da ya fashe, sai 2017 aka sake buɗe shi, ranar da na ga hotunan ɓarnar kasa cin abinci na yi. Amma adanawa daban, sayarwa daban. Waɗanda ke gidajen tarihi na Landan da Faris da New York ko ba komai talaka zai iya shiga ya gani, wadda aka buga wa guduma kuwa mai yiwuwa ta shige falon wani attajiri ke nan. Wanda ya ba da wakafi cewa ya yi kar a sayar, kar a kyautar, kar a gada, kuma makarantar Sargatmish tana nan tsaye har yau a unguwar Saliba, ana shiga ana fita.