Kafin ka kira kanka darakta, zana mini akuya

Jiya da la'asar ɗan maƙwabcina ya same ni a ƙofar gida. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya miƙo mini waya: "Kawu, dubi katun ɗin da na haɗa." Wasu mutane ne masu ƙattin idanu irin na katun ɗin Japan, an ɗora musu hula. Manhaja ce ta yi komai, shi umarni kawai ya rubuta mata, amma a ƙasa ya liƙa sunansa da laƙabin darakta. Na ɗauko fensir da takarda, na nuna masa akuyar da ke ɗaure a turke, na ce ya zana ta. Abin da ya fito, ko uwar da ta haifi akuyar ba za ta gane ta ba. Da na yi magana sai ya ce, "Kawu, ai an wuce wannan zamanin."

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Ƙannena, gaggawar nan ta mece ce?

Na tambaye shi ko ya san Moustapha Alassane, ya ce bai taɓa jin sunan ba. Mutumin Nijar ne, an haife shi a 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015, kuma yana cikin waɗanda suka fara zane mai motsi a Afirka. Da kanikanci ya fara. A Yamai ya haɗu da wani Bafaranshe mai shirya fim, Jean Rouch, ya koyi aikin fim, daga nan ya tafi Kanada wajen Norman McLaren, gwanin da kan zana hoto kai tsaye a jikin zaren fim. Alassane ya dawo gida, a 1966 ya fitar da ɗan gajeren fim na shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara waje, yana yi wa masu mulki shaguɓe. Kwaɗi fa! Kwaɗin da ke kwana suna kuka a kududdufin bayan gidanku da damina. Bai aro fuskar kowa ba. Daga baya ya sa dabbobi suka yi kokawar gargajiya, ya kuma zauna a garin Tawa na Nijar yana aikinsa har tsufa.

Kun san abin da sana'ar nan take ci? Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce. Ko an sassauta an yi zane 12, minti guda zane 720 ke nan, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa. Wanda bai zauna ya kalli yadda akuya ke ɗaga ƙafa ba, ko yadda ɗan kokawa ke durƙusawa kafin ya kai cafka, da me zai cika takardu 720? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ku kuwa kwana uku da sauke manhaja an buɗe shafi, an sa tambarin kamfani, ana roƙon jama'a su danna su yaɗa. Roƙon nan ma wata cuta ce, saurayi da ƙarfinsa ya wuni yana bara a TikTok, amma bari in bar wannan.

Ni ba gaba nake da kwamfuta ba. Kayan aiki ce, kamar keken ɗinki. Amma keke bai taɓa mai da wanda bai iya yanka ba tela. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, garaje kuma ba ƙarfi ba ne. Ku riƙe fensir, ku kalli abin da ke gabanku, ku nemi na gaba ku rusuna masa.

Da can yaron mai zanen mota sai ya shekara yana wanke buroshi da dama fenti kafin a bar shi ya taɓa jikin tirela. Mai ɗinkin aska takwas yakan yi watanni a kan riga ɗaya, ba wanda ya ji shi yana kiran kansa wani abu. Ina irin waɗannan yaran yanzu?

Shi dai ɗan maƙwabcin nawa wayarsa ta yi ƙara, ya ce yana zuwa. Fensirin na nan kan benci inda ya bar shi, takardar kuwa akuya ta cinye.