Ruwa a ƙofarmu, duhu a ɗakinmu

Wai don Allah laifin me muka yi a Yawuri? Kogin Neja ta bayan gidajenmu yake wucewa kafin ya je ya juya injinan wutar lantarki na Kainji, tafkin da ya cinye gonaki da garuruwan kakanninmu tun 1968, amma mu ne masu kwana da fitilar waya! A kawo wuta ƙarfe biyun dare, kafin ka laluba caja an ɗauke, kamar ƙiftawar ido. Firji ya zama akwatin ajiye tukwane, fanka ta yi tsatsa, zafin watan Afrilu kuwa har ƙwai zai dafa a tsakar gida. Masu kifi suna ji suna gani kamun asuba ya lalace saboda babu ƙanƙara, tela ya koma keken ƙafa, mai walda yana zaune yana korar ƙuda. Taransifoma ta ƙone? Ku yi karo-karo. Waya ta tsinke? Ku yi karo-karo. To su kamfanin wuta me suke saya? Amma takardar kuɗin wuta ba ta taɓa makara ba, kuma babu mita, kintace kawai! Ka yi ƙorafi su zo da tsani. Ka koma wa, alhali kamfani ɗaya ne tal? Janareto kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya zama kayan ado. Ana ta cewa a koma sola, ga rana kyauta har ta yi mana yawa, amma kuɗin batir da inbata sai ka sayar da saniya, wa ke da saniyar?