Wanda Ba Ya Iya Tafiya Shi Aka Ɗora Wa Zirga-zirga

Wata 14 ke nan da na kai takardun yayana ofishin da ke karɓar buƙatun fanshon naƙasa a nan Maraɗi, kuma har yau ko dala ɗaya ba ta shiga hannunsa ba. Bawan Allahn nan ya yi shekara 17 yana tuƙa babbar motar wani kamfani tsakanin Maraɗi, Ƙonni da Yamai, kowane ƙarshen wata ana yankar wani abu daga albashinsa da sunan tanadin ranar da ƙarfi zai ƙare. Ranar kuwa ta zo babu sallama. Hawan jini ya kayar da shi a tsakar gida bayan sallar asuba, ya tashi da shanyewar ɓarin jikinsa na dama, hannu ba ya riƙe ludayi, ƙafa sai an ja ta, maganarsa kuma sai wanda ya saba da shi yake ganewa.

Tun wajen haɗa dosiye aka fara gasa mana aya a hannu. Babu wanda ya zaunar da ni ya lissafa mini abin da ake buƙata gaba ɗaya. In na kawo takardar haihuwa a ce saura shaidar aiki, in na kawo ta a ce ina takardun albashi, in na kawo su a ce kowane kwafi sai an buga masa tambur a ma'aikatar magajin gari, kafin in gama wannan kuma a ce takardar likita ta tsufa, sai an sake wata. Daga ƙarshe aka ce dole mai buƙatar ya zo da kansa. Mutumin da ba ya iya zama a kan kabu-kabu, sai da muka yi shatar adaidaita, muka tarar da matakala a bakin ƙofa, ni da ɗansa muka ɗauke shi cak kamar buhun gero a gaban jama'a. Yana sunkuyar da kai yana cewa, "Ku yi a hankali, ku rufa mini asiri." Mun zauna a kan benci tun hantsi har azahar, sannan aka leƙo aka ce wanda zai gan shi ba ya nan.

Bayan watanni amsa ta fito: an ƙi. Takarda ce mai layi kaɗan da Faransanci, aka miƙa wa mutumin da karatunsa na allo ne, ba tare da an ce masa uffan ba. Sai da na matsa sosai wani ma'aikaci mai tausayi ya ja ni gefe ya bayyana mini dalili. Ƙa'ida ta ce sai likita ya tabbatar mutum ya rasa aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman abincinsa, kuma sai an ga an zuba masa kuɗi na wata 6 a cikin wata 12 na ƙarshe kafin ciwon ya same shi. Sharaɗin farko ba a yi gardama a kansa ba, domin ko makaho ya shafa ya san yaya ba zai sake riƙe sitiyari ba. Na biyun ne ya kayar da mu, saboda kamfanin ya daɗe yana cire kuɗin daga albashi amma ba ya kai su inda ya kamata.

Wannan shi ne abin da yake ƙona mini rai har ya hana ni barci. Takardun albashin suna hannuna, kowace ɗaya ta nuna abin da aka cire, baƙi a kan fari. Wanda ya ci amanar yana nan a cikin gari, motocinsa na fita suna shiga, ba a nemi ko bayaninsa ba, amma wanda aka cuta shi aka hukunta. Ta yaya direban da ke kan hanya dare da rana zai san cewa kuɗinsa ba su isa asusu ba? Aikin wa ne bin kamfanoni a tilasta musu biya, in ba na hukumar da ke da sufetoci da ikon cin tara ba?

Mun rubuta takardar neman a sake duba hukuncin, na kai da hannuna, na roƙi a ba ni shaidar karɓa mai kwanan wata, aka ce babu buƙata. Tun daga nan amsa ɗaya nake samu: "Malam, dosiyenku yana Yamai, ka ƙara haƙuri." Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, kuma ba a faɗa mini ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba ko da na je. An ce in abin ya faskara akwai kotun ma'aikata, sai dai gidan da ya sayar da gado da tumakin uwargida don sayen maganin hawan jini, da me zai ɗauki lauya? Babban ɗansa ya bar makaranta ya kama kabu-kabu. Wani maƙwabci, da kyakkyawar niyya, ya ba da shawarar a riƙa kai yaya ƙofar masallaci ranar Juma'a, kuma ranar ce na fara ganin hawayensa tun da ya kwanta.

Ƙasarmu ba ta rasa doka ba. Tun 1993 aka yi dokar kare naƙasassu, a 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, a 2019 aka sake yin wata doka, kuma kowace ranar 3 ga Disamba ana tara su a yi jawabai masu daɗi. In mai lambar rajista da takardun albashi na shekara 17 yana shan wannan wuya, to gurgun da shan inna ya kama tun yana goye a wani ƙauyen Dakoro ko Mayahi, wanda bai taɓa karɓar albashi ba, wace ƙofa zai nufa?

Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba. A manna jerin takardun a bango da Hausa da Faransanci, a ba kowa shaidar karɓa, a sa wa'adin ba da amsa, a aika likita gidan wanda ba ya iya tashi, sannan a karɓi takardun albashi a matsayin hujja a biya ma'aikaci haƙƙinsa, hukuma ta je ta ƙwato kuɗinta daga kamfanin da ya danne su. Ranar Litinin zan sake komawa, kuma yaya ya ja mini kunne da hannunsa na hagu cewa in nuna takardun albashin na asali daga cikin ledarsu, kada in kuskura in bar su a hannun kowa.