Wiwi ba ta warkar da hanta, a daina ruɗin masu ciwon hanta nau'in C

Tun da ƙasashe suka fara halatta tabar wiwi ɗaya bayan ɗaya, Uruguwai a 2013, Kanada a 2018, Jamus a 2024, wata magana ta samu gindin zama a intanet, kuma ita ce ta hana ni sakat har na zauna rubuta wannan. Wai wiwi tana kare hanta. Wai mai ɗauke da ciwon hanta nau'in C, idan yana ɗan busawa ko yana ɗiga man CBD, wani sinadarin wiwi da ba ya bugarwa, a ƙarƙashin harshe, hantarsa za ta huta, tabon da ke cikinta ya ragu. Masu yaɗa maganar ba sa zuwa hannu rabbana. Sukan zo da hoton kanun wani bincike, su ja jan layi a ƙarƙashin jimla ɗaya, su ce ga shi nan likitoci ma sun yarda. Da yawa daga cikinsu kuma, idan ka bi sawu, za ka tarar akwai kwalbar da suke sayarwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ake yi wa wannan talla. Mutum ne da aka gaya masa akwai ƙwayar cuta a jininsa tana cin hantarsa a hankali, ya shiga firgici, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Alhali ciwon nan yana cikin 'yan ƙalilan ɗin cututtukan ƙwayar bairas masu daɗewa a jiki da likitanci ya samo musu maganin da ke kawar da su gaba ɗaya. Ƙwaya ce ake haɗiya kullum na mako 8 zuwa 12 ga yawancin mutane, kuma fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu shanta suna rabuwa da cutar. Duk wanda ya tsaya yana lissafin ko hayaƙi zai rage masa tabo, bai je ya karɓi wannan magani ba, an cuce shi.

Sai an san yadda ciwon yake aiki za a ga girman cutarwar. Hanta ba ta kuka da wuri. Cikin waɗanda ƙwayar ta shiga jininsu, kusan kashi 30 cikin ɗari jikinsu kan kore ta da kansa cikin wata shida. Sauran kashi 70 ɗin kuwa zama take yi. Shekara da shekaru tana hura kumburi, hanta tana gyara kanta da tabo, tabo yana hawa kan tabo, mutum yana harkokinsa bai san dawan garin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu ɗauke da ita, kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari hantarsu kan ƙandare cikin shekara ashirin. Daga nan sai kumburin ciki, shawara, aman jini, ko dajin hanta. Ƙididdigar hukumar ta nuna kusan mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da cutar a duniya, kuma ta kashe kimanin 242,000 a 2022 kaɗai. Saboda haka idan wani ya ce maka shekara biyar ke nan yana busawa kuma lafiyarsa ƙalau, bai gaya maka komai ba game da hantarsa. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

To, mu je ga binciken da ake ta kafa hujja da shi, tunda nan ne aka fi yi wa mutane rufa-ido.

Masu tallar ba sa son a tuna cewa binciken farko da ya yi suna a kan wannan batu gargaɗi ya yi. A 2005, likita Christophe Hézode da abokan aikinsa a Faransa suka duba mutum 270 masu ciwon hanta nau'in C, waɗanda aka tsaga ɗan yanki daga hantarsu aka duba a na'ura. Suka gano cewa masu shan wiwi kullum tabonsu ya fi saurin ƙaruwa, ko bayan an cire tasirin giya da shekaru daga lissafi. A 2008 wani bincike a birnin San Faransisko na Amurka, kan mutum 204, ya sake danganta shan kullum da tabo mai tsanani. A wannan shekarar kuma likitocin Faransan suka danganta shi da taruwar kitse a hanta. Ban ce waɗannan sun yanke hukunci ba, domin hoto ne na lokaci guda suka ɗauka. Amma suna nan a rubuce, kuma mai gaskiya ba ya ɓoye su.

Wanda ake ɗagawa sama shi ne na Kanada na 2013. An bi mutum 690 masu ɗauke da ƙwayar HIV haɗe da ciwon hanta nau'in C, ba a ga alamar cewa wiwi ta ƙara musu saurin tabo ba. Bincike ne mai daraja, domin ya bi mutane na wani lokaci. Sai dai a karanta shi da kyau. Cewa ya yi bai ga ƙarin illa ba, bai ce ya ga kariya ba, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tafiya mai nisa. Sannan da gwajin jini aka kimanta tabon, kuma tsawon bibiyar ga yawancinsu 'yan shekaru ne ƙalilan, a kan ciwon da ke ɗaukar shekara ashirin kafin ya nuna fuskarsa.

Sai kuma nazarin 2018 da aka yi kan takardun marasa lafiyar da aka kwantar a asibitocin Amurka, wanda ya ga ƙarancin ƙandarewar hanta a cikin waɗanda aka rubuta suna shan wiwi. Wannan ne ya haifi yawancin kanun labaran. Amma duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon hanta ya san abin da ke faruwa idan ciwo ya yi nisa. Mutumin da cikinsa ya kumbura, numfashi yake da ƙyar, yana fatan a saka shi cikin jerin masu jiran dashen hanta, shi ne na farko da zai ajiye hayaƙi, ko kuma ya ƙi faɗa wa likita yana sha. Wanda ya rage a rukunin mashaya shi ne mai ƙuruciya da sauran ƙarfi. Idan ka ƙirga su a haka, dole ka ga mashaya sun fi lafiya. Ciwon ne ya tace su. Irin wannan lissafi ba zai taɓa bambance ko wiwi ce ta kare hanta, ko lalacewar hanta ce ta kori wiwi ba, amma a talla sai a ce an tabbatar.

Akwai kuma masu zuwa da ilimin ɗakin gwaji don su burge. Gaskiya ne a jikin hanta akwai wasu ƙofofi biyu da sinadaran wiwi ke iya taɓawa, ana kiransu CB1 da CB2. Binciken da aka yi a Faransa a 2005 da 2006, a kan ɓeraye da ƙwayoyin halittar hanta, ya nuna cewa kunna CB2 yana rage tabo, kunna CB1 kuwa yana ƙara shi. Mai talla sai ya ɗauki rabin farko ya jefar da na biyu. Alhali THC, sinadarin da ke bugarwa, dukansu biyun yake taɓawa. Wanda ya kunna naɗin wiwi ba shi da ikon cewa hayaƙi ya bi ta wannan ƙofa ya bar waccan. Masana ma da suka yi ƙoƙarin sarrafa ƙofa ɗaya kaɗai sun sha wuya: maganin rimonaban, wanda ke toshe CB1, an janye shi daga kasuwar Turai a 2008 saboda yana jefa mutane cikin baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai.

Man CBD, wanda ake nunawa kamar ruwan sanyi tunda ba ya bugarwa, shi ma hanta ce ke sarrafa shi. Epidiolex, tsantsar CBD da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya, a jikin takardarsa an yi gargaɗi cewa yana iya ɗaga sinadaran da ke nuna hanta tana shan wahala, an ce a riƙa gwada jinin mai shansa, kuma a rage adadi ga wanda hantarsa ta yi rauni. Wannan fa magani ne da aka tace aka auna. Na kasuwa kuwa, a 2017 masu bincike a Amurka sun sayi kayan CBD guda 84 ta intanet suka gwada, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta a jiki, wasu ma har da THC a ciki. An kuma san CBD yana ɗaga yawan takrolimus a jini, maganin da wanda aka yi wa dashen hanta ya dogara da shi don kada jikinsa ya ƙi sabuwar hantar. Wannan ne ake miƙa wa mai hantar da ta riga ta gaji a ce masa ganye ne, ba ya cutarwa.

Na san inda maganar ta samo asali, kuma zan yi mata adalci. Kafin zuwan sababbin magunguna, allurar intaferon ake yi duk mako, haɗe da ƙwayar ribabirin, har tsawon mako 48 ga mutane da yawa. Azaba ce. Zazzaɓi, tashin zuciya, rashin cin abinci, rashin barci, damuwa, kuma bayan duk wannan kusan rabi ne ke warkewa a nau'in da ya fi taurin kai. A wancan zamani wasu sun riƙa shan wiwi don su iya jurewa, har wani ƙaramin bincike na 2006 a Kalifoniya, kan mutum 71, ya nuna masu shan sun fi kai maganin ƙarshe. Ko a lokacin, intaferon ce ke kashe ƙwayar, wiwi tashin zuciya kawai take kwantarwa. Amma tun da aka amince da sabuwar ƙwayar sofosbubir a ƙarshen 2013, sauran 'yan uwansa suka biyo baya, wancan zamani ya wuce. Illar sababbin ƙwayoyin ga yawancin mutane ba ta wuce ɗan ciwon kai da gajiya ba. An rushe ginin da hujjar ta jingina da shi, su kuma har yau suna riƙe da ita. Babu wani gwaji a kan mutane da ya taɓa nuna wiwi ta fitar da wannan ƙwaya daga jinin kowa.

Masu cewa kuma a hana mashayi magani sai ya tuba, ba su cancanci dogon martani ba: tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk baligin da ke ɗauke da cutar magani, kuma maganin yana aiki a jikin mai sha kamar yadda yake yi a jikin wanda bai taɓa sha ba. Tsangwamarsu ce ma ke sa majinyaci ya yi wa likita ƙarya, daga nan ya faɗa hannun mai kwalba.

Abin da nake ta nanatawa shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Rahoton hukumar na 2024 ya nuna kashi 36 cikin ɗari ne kawai na masu ciwon aka gano suna da shi, kashi 20 ne suka samu magani. Wato mafi yawansu ba su ma san suna ɗauke da shi ba, ga shi kuma an yi alƙawarin kawar da shi a matsayin barazana nan da 2030. Masar, wadda a da take cikin ƙasashen da ciwon ya fi yi wa katutu a duniya, ta gwada sama da mutum miliyan 60, ta yi wa sama da miliyan 4 magani, har hukumar ta karrama ta a 2023 a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da shi. Da gwaji da ƙwaya ta yi wannan aiki. Ba a ji ta raba wa kowa ganye ba. Duk lokacin da kafar labarai ta ɓata wajen yayata cewa wiwi na iya taimakon hanta, da ta yi amfani da shi ta ce wa mutane su je a gwada jininsu, da an ceci rai.

Kafafen da ke buga irin waɗannan kanun ya kamata su ji kunya, hukumomin magunguna kuma su bi masu rubuta wa kwalba cewa tana gyara hanta. Likitoci su riƙa tambayar majinyaci abin da yake sha ba tare da harara ba, don ya faɗi gaskiya.

Kai kuma da gwaji ya nuna kana ɗauke da ita, ka nemi maganin, ka sha shi har ƙarshe, ka koma a gwada ka mako 12 bayan ka gama don a tabbatar ƙwayar ta tafi. Ka rabu da giya, domin ita babu gardama a kan ɓarnar da take yi wa hantar da ke fama da wannan ciwo. Idan kana shan wiwi kullum, ka gaya wa likitanka, ka kuma rage ko ka bari, tunda duk binciken da ya ga illa, a kan masu shan kullum ne ya gan ta. Idan hantarka ta riga ta ƙandare kafin ka warke, haɗarin daji bai tafi tare da ƙwayar ba, sai ka ci gaba da zuwa hoton ciki duk wata shida. Kuma warkewa ba rigakafi ba ce, har yau ciwon nan ba shi da allurar rigakafi, allura ko reza mai ɗauke da jinin wani na iya dawo maka da shi.