Kejin tan goma da buhunnan rairayin Maraɗi

Maganar da ta tsaya mini a wuya, wani abokin aikina ne ya faɗe ta a nan Montreal, a daren 18 ga Fabrairu 2023. Shi ya matsa mini muka sayi tikitin wasan kokowar Amurka na kamfanin WWE, wanda aka yi a zauren Bell Centre. Kuɗin aikina na kwana biyu suka tafi a kan tikiti biyu, nawa da na ɗana, kuma kujerun can ƙololuwa ne. Kafin a fara, na ciro waya na nuna masa karon ƙarshe na gasar takobi, babbar gasar kokowar gargajiya ta ƙasarmu Nijar. Ya kalla kaɗan, ya yi dariya, ya ce: "Ina dandalin? Waɗannan buhunnan ne kawai?"

Bari in faɗi abin da idona ya gani, don kada a ce ƙyashi ne. Zauren na wasan ƙwallon ƙanƙara ne, ƙanƙarar ma tana nan a ƙarƙashin ƙafafun jama'a, an rufe ta da alluna. Mutum ya haura dubu 17. Can sama, tsakanin fitilu, wani keji na ƙarfe da sarƙa yana reto a kan dandalin, kamar an ɗaga rumfar kasuwa ɗungurungum an rataye. Elimination Chamber suke ce masa. Yana da ƙananan ɗakuna huɗu masu bango garai-garai kamar gilashi, a kowace kusurwa ɗaya. Mutum shida ke shiga: biyu su fara, huɗu a kulle su, sai a riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Da aka kashe fitilu aka fara sauke shi a hankali, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Abokin nawa ya taɓa aikin ɗaura kaya a rufin irin waɗannan zaurukan, shi ya sa bakinsa bai huta ba. Ya ce kejin farko, wanda aka fito da shi a New York a 2002, kamfanin da kansa ya ce tsayinsa ƙafa 16, faɗinsa ƙafa 36, nauyinsa ya kai tan 10, sarƙar jikinsa kuwa in aka miƙe ta za ta yi mil biyu. Gunduwa-gunduwa ake lodinsa a tirela. Tun asuba wasu ke hawa ƙarafan rufi da igiya a ƙugu suna kafa injinan ɗagawa, bayan injiniya ya lissafa abin da kowane ƙarfe zai iya ɗauka. Ba kowane zaure ke iya riƙe shi ba, musamman masu ƙaton allon talabijin a tsakiya. A 2017 aka sake masa fasali, aka mai da shi mai kusurwa huɗu, aka shimfiɗa katifu a kan ƙarfen da da yake cin bayan mutane. Sun kai shi Jidda a 2022, a 2024 kuma aka loda shi a jirgin ruwa har Ostareliya, saboda wasan dare ɗaya a birnin Perth.

Na yarda akwai abin koyi. Tsarinsu ba wasa, lokaci ba ya zamewa, likita yana tsaye, kuma ɗaruruwan mutane na cin abinci a jikin ƙarfen nan, tun daga mai walda har direba. Mu kuwa na san tsofaffin 'yan kokowa da suka girgiza ƙasa, ƙarshe kuɗin magani ya gagare su. Wannan abin kunyarmu ne.

To amma me aka saka a cikin kejin? Wasan da aka riga aka rubuta wanda zai ci. Su ma ba sa ɓoyewa. Ban raina wahalar jikinsu ba, faɗuwa a kan ƙarfe faɗuwa ce, ana karyewa da gaske. Sai dai ni a ganina duk wannan sarƙa da hayaƙi da wutar da ke tashi an jibga su ne don a cike gurbin abu ɗaya da babu, wato rashin sanin wa zai kai ƙasa. A filin kokowa na Maraɗi, wanda aka sa wa sunan tsohon gwanin kokowa Kantu, ba wanda ya sani, ko alƙalin wasa, ko malamin da ya ɗinka layar. Tun 1975 da aka soma gasar a Tawa, jihohi ke karɓar ta bi da bi, yanzu takwas, kowace da gwanayenta goma, a zuba rairayi, a kewaye da buhunna, shi ke nan. Da wannan kaɗai ake tsayar da ƙasa cak. Ranar da shahararren ɗan kokowa irin Isaka Isaka zai yi karon ƙarshe, je ka kasuwa ka ga ko akwai mai sauraron cinikinka. Wane keji ne ya taɓa yin haka? Abin da ke da ƙarfi a kansa ba ya neman tan goma ya jingina.

Duk wannan amsar a mota ta zo mini, muna komawa gida cikin dusar ƙanƙara. A zauren shiru na yi. Kuma in zan faɗi gaskiya, ba dariyar abokina ce ta fi yi mini zafi ba. Da Sami Zayn, ɗan garin, ya fito zai kara da Roman Reigns, zauren ya ɗauka baki ɗaya, yarona ɗan shekara tara ya haye kujera yana rera waƙar shigowar Sami tare da su, bai kuskure kalma ko ɗaya ba. A shekarunsa ni ina tsugune gindin rediyon Baba a zaure, mu goma sha, ana jin ganga da kirari daga nesa, Baba yana ɗaga hannu kada kowa ya yi tari. Ban taɓa ganin Kantu da idona ba, amma na san shi kamar kawuna, daga bakin Baba.

Washegari na zaunar da yaron na kunna masa kokowar gida. Ya kalli calicali, mai barkwancin filin kokowa, yana tsalle ya yi dariya, ya kalli ƙarti biyu sun sunkuya suna laluben juna minti uku ba wanda ya faɗi, sai ya ɗago ya ce: "Baba, yaushe za a fara?" Na ce masa ai an daɗe da farawa, ka dubi ƙafafunsu.

Na soma ajiye kuɗin jirgi na mutum biyu, na lokacin sanyi, lokacin da ake gasar. Na gaya wa yayana ya kama mana wuri kusa da makaɗa, inda ƙura ke isa.