Ta'aziyya a Layin da Babu Shi

Kafin in tafi Ingila karatu a ƙarshen shekarar 2021, na ɗauka Bature ɗaya ne duk inda yake, kuma na ɗauka na riga na gama saninsa, domin na shafe shekaru ina kallon finafinan Amurka har ina iya faɗin abin da jarumi zai ce kafin ya buɗe baki. Da wannan guzuri na sauka a Salford, kusa da Manchester, na kama ɗaki a gidan wata dattijuwar Baturiya da nake kira Iya. A ɗakin da ke fuskantar nawa kuma akwai wani ɗalibi Ba'amurke ɗan jihar Ohio. Talabijin ɗaya ce a falo, mu uku muke kallonta.

A makon farko Iya ta gaya mana cewa tana biyan fam 159 duk shekara kuɗin lasisin talabijin, kuma wanda aka kama yana kallo babu lasisi ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. Na yi dariya don in nuna na gane barkwancin, saboda ni lasisin tuƙi na sani da na bindiga. Ashe da gaske take, da kuɗin ake tafiyar da BBC, shi ya sa ba a katse shiri a sa talla a tashar. Ba'amurken ya fi ni mamaki, ya ce su a wajensu masu talla ne ke ciyar da manyan tashoshi, mai kallo haƙuri kawai yake biya.

Wata safiyar Alhamis cikin watan Janairu na sauko na tarar da Iya a kicin, idanunta sun yi ja, shayin da ke gabanta ya huce ba ta taɓa shi ba. Da na tambaye ta lafiya, sai ta ce jiya da dare an yi rasuwa a Layin, mutumin da ta sani fiye da shekara 20, kuma babu wanda ya yi tsammani. Na yi salati, na tambaya ko ya bar iyali, ta ce matarsa ce ma take ba ta tausayi. Ban ƙara cewa komai ba. Na hau sama na ciro farar shaddata da na ajiye don Sallah, na kafa hula, na cire fam 20 daga kuɗin abincina na sa a ambulan, domin a yadda aka rene ni maƙwabci ba ya jin mutuwa ya wuce makaranta.

Na bi layinmu daga farko har ƙarshe ina neman alamar gidan makoki, amma ban ga tabarma ba, ban ga rumfa ba, ko takalma a ƙofar gida ban gani ba. Na ce a raina lallai Turawa har baƙin ciki a ɓoye suke yi. Wani dattijo na tsaye gaban motarsa da ta ƙi tashi saboda sanyi, fuskarsa a murtuke, sai na tabbata ɗan'uwan mamacin ne. Na matsa, na rusuna, na ba shi haƙuri, na ce dukanmu hanyar ke nan. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce batir ne kawai, yana ganin za ta tashi.

Da na koma na roƙi Iya ta nuna mini gidan, sai ta kalli shaddar, ta kalli ambulan, ta fashe da dariyar da ta kai ta ga tari har sai da na miƙa mata ruwa. Layin da take nufi shi ne Coronation Street, wasan kwaikwayon da tashar ITV ke nunawa tun ranar 9 ga Disamba, 1960, wanda mutanen yankin ke ce wa Layin kawai, kamar babu wani layi a duniya sai shi. Garin da ke cikin wasan ƙirƙirarre ne, amma daga Salford ɗin da muke zaune aka kwaikwayi fasalinsa, don haka ina ganin ban yi nisa da gaskiya sosai ba. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne Ba'amurken ya ji hirarmu daga matakala, shi ma ya fita sayo fure da katin jaje, alhali Turanci harshen uwarsa ne. Bai taɓa jin sunan shirin ba, shirin da ya girmi mahaifinsa.

Daga ranar na fara zama ina kallo tare da Iya, na kuma koyi cewa da zarar an tafi talla sai a tashi a jona butar shayi. Al'adar ta yi ƙarfin da masu kula da wutar lantarkin ƙasar ke bibiyar jadawalin talabijin, kuma bayan bugun fanaretin da Jamus ta Yamma ta fitar da Ingila da shi a gasar cin kofin duniya ta 1990, buƙatar wuta ta yi tsalle da megawat 2,800 a lokaci ɗaya.

A watan Fabrairu Ba'amurken ya gayyace ni kallon wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa, ya ce ƙungiyar jiharsu ta kai. Na amsa da murna, domin mako guda kafin nan na kalli Senegal ta doke Masar ta ɗauki kofin Afirka, jinina bai gama sauka ba. Ranar Lahadi 13 ga wata na sa rigar ƙwallo na zauna, sai ya ce ai sai ƙarfe 11:30 na dare za a take. Da aka fara sai na ga ƙarti sanye da hular kwano, kafaɗunsu kamar an cusa filo, suna rungume da wata ƙwallo mai siffar gwanda suna gudu da ita a hannu. Sau biyu ina miƙewa ina ihun an taɓa da hannu kafin ya roƙe ni in zauna. Wasan na minti 60 ne a agogo, amma ya haura awa 3, domin ba a gudun daƙiƙa 10 ba a tsaya an yi shawara ba.

Duk lokacin da aka tsaya sai in tashi in jona buta yadda Iya ta koya mini, shi kuwa sai ya dafe kai yana ƙorafi. Abin da ke damunsa shi ne a BBC muke kallo, babu talla ko ɗaya, sai masu sharhi da ke ta bayyana wa Ingilawa dokokin wasan. Ya ce a Amurka rabin daɗin daren Super Bowl, wato wannan wasan ƙarshen da muke kallo, tallace-tallacen ne, kamfani kan biya sama da dala miliyan 6 don daƙiƙa 30, kuma washegari su ake hira a kai a wurin aiki. Ban taɓa ganin mutum yana kewar talla ba sai a daren nan. Kafin a tashi, wajen ƙarfe 3 na dare, na sha shayi kofi 7, ƙungiyarsa kuma ta sha kashi da ci 23 da 20.

Da safe Iya ta tambaye ni wa ya yi nasara. Ƙungiyar Los Angeles da ta ci tana amsa sunan raguna, ta Cincinnati da aka doke kuma tana amsa sunan damisar Bengal, don haka na gaya mata iyakar abin da na fahimta, wato raguna sun cinye damisa. Ta ajiye kofinta, ta nuna ɗakin Ba'amurken da haɓa, ta ce tun da asuba take jin yana juyi bai fito ba, in hau in sa farar rigar nan tawa, in kuma duba ko ambulan ɗin yana nan.